Tausayin dabbobin kiwo ko rigakafin annoba: wanne za a gabatar a sadaka?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Gusau, kuma duk shekara nakan ware wani abu na sadaka bayan na fitar da zakka. Ɗana yana so mu kashe na bana wajen rage wahalar kajin gidan gona da shanun da ake lodawa a tirela, abokina kuma ya ce rigakafin annoba ya fi. Wanne zan gabatar?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya ɗan'uwa, ka kyauta da ka raba wannan kuɗi da zakka, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka gida takwas, babu dabba a cikinsu.

Shawarar ɗanka tana da asali. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, kuma an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare. Duk wanda ya ga kaji an ɗaure su ƙafa sama a bayan babur cikin zafin bazara, bakinsu a buɗe, ko sa an lanƙwashe masa wuya a lungun mota har zuwa Legas, ya san akwai zalunci a nan. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun ɗora ciyar da dabba da rashin ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta a wuyan mai ita, har alƙali na iya tilasta masa sayar da ita idan ya ƙi. Wajibi ne a kan wanda aka sani, wato mai dabbar, don haka maganinsa wa'azi ne da hukunci kafin ya zama na sadakarka.

Annoba kuwa ba ta da mai ita da za a kama, kuma kare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba: mun ga abin da sanƙarau ya yi a 2017, kafin korona ta zo a 2020. Saboda haka rigakafin annoba nake ganin ka gabatar, ka ba shi kaso mafi girma.

Amma kada ka watsar da maganar yaron. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006 a gidan kiwon kaji aka fara gano ta, kuma cunkoso yana cikin abin da ke saurin yaɗa irinta. Idan ka biya wa ƙananan masu kiwo kuɗin allurar dabbobi, ko ka taimaka musu su faɗaɗa akurki, ka haɗa niyyar biyu a aiki ɗaya. In kuma kana da kiwo na kanka, gyara shi daga aljihunka kafin ka taɓa kuɗin sadakar. Wallahu a'alam.