Kun Tambaya: Yaya Ake Bikin Naɗin Sarki a Tsibirin da Jirgin Sama Ba Ya Sauka?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya ji an ce ranar da aka naɗa Sarki Charles na Uku a Landan, har mutanen wani tsibiri mai suna Tristan da Cunha suna cikin masu murna, alhali jirgi ma da kyar yake zuwa wurinsu. Yana so ya san yadda ake haɗa biki a irin wannan wuri.

Amsa: Malam, sai an fara sanin wurin kafin a fahimci wahalar. Tristan da Cunha yankin Birtaniya ne a kudancin tekun Atlantika, kimanin kilomita 2,800 daga Cape Town ta Afirka ta Kudu, kilomita 2,400 kuma daga tsibirin St Helena inda gwamnansu yake zaune. Mutanensa kimanin 240 ne, dukansu a gari ɗaya, Edinburgh of the Seven Seas, a gindin dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 2,000. Babu filin jirgin sama. Jirgin ruwa daga Cape Town kan yi kwana shida a hanya, zuwansa kuma bai wuce sau goma ba a shekara.

Don haka mai shirya biki a can jadawalin jirgi yake fara dubawa, ranar fada tana biyo baya. Ga yadda lissafin yake. Fadar Buckingham ta sanar da ranar naɗin, Asabar 6 ga Mayu 2023, tun Oktoban 2022. Wata bakwai ke nan, kamar da yalwa. Amma tambarin bikin bai fito ba sai Fabrairu 2023, kuma kofunan tunawa da ake raba wa yara da tutoci masu ɗauke da tambarin ba za a buga su ba sai ya fito. Abin da ya rage bai kai wata uku ba. A cikinsa ne za a yi oda a Ingila, a kai kayan Cape Town, su jira jirgin Tristan. Kwalin da ya makara da yini guda sai ya kwana a sito wata guda ko fiye, ya iso bayan an watse. Shi ya sa ake raba oda gida biyu. Abin da ba ya bukatar tambari, kamar fulawa, sukari, busassun 'ya'yan itace na kek, lemon gwangwani, batir da yadi ja da fari da shuɗi, a sa shi a jirgin farko da ya samu. Mai tambari shi kaɗai ake bari a hannun sa'a.

Isowar jirgi ma ba ita ce isowar kaya ba. Tashar jirgin ruwan tsibirin, mai suna Calshot, ƙarama ce, babban jirgi ba ya shiga. Can cikin teku yake tsayawa, a riƙa sauke kaya a kan faffaɗan kwale-kwalen dako, a jawo su bakin tasha, injin ɗaga kaya ya ɗauke. Idan igiyar ruwa ta taso daga arewa maso yamma tana dukan bakin tashar, aiki ya tsaya, jirgin ya zagaya bayan tsibirin ya fake, wani lokaci kwanaki. Mutum na hangen jirgin da ke ɗauke da kayansa, amma ba halin taɓawa. Feshin ruwan gishiri kuma ba ya raga wa kwali, don haka duk abin da ke gudun jiƙa ana naɗe shi da leda tun daga Cape Town. Ranar da teku ta lafa, sauke kaya ke gaba da komai, ko da an sa ranar don gwajin waƙar yara.

Sai yanayi. Mayu a can ƙarshen kaka ne, hunturu na ƙofa, iska da ruwan sama sun fara ƙarfi. A Mayun 2001 guguwa ta yi wa garin mummunar ɓarna, har da rufin babban zauren taro na Prince Philip Hall, zauren da mijin Sarauniya Elizabeth ya aza harsashinsa a ziyararsa ta 1957. Duk abin da aka tsara a fili, tsere ko wasan yara, sai an tanadar masa gurbi a cikin zaure. Ƙananan tutocin takarda ba sa kai azahar. Na yadi ake ɗinkawa, a ɗaure a igiya mai kauri, a yi gajerun zango tsakanin sanda da sanda, domin doguwar igiya ita iska ke fara tsinkewa.

Kallon naɗin kansa ya fi sauƙi. An fara hidimar cocin Westminster da ƙarfe 11 na safe agogon Landan, daidai da 11 a Kano, amma ƙarfe 10 ne a Tristan, domin su a kan GMT suke duk shekara. Talabijin na zuwa musu ta tauraron ɗan'adam, wuta kuma daga janareta mai shan dizal. Abu biyu ke ɓata kallo: ruwan sama mai ƙarfi da ke raunana sigina, da iska da ke karkatar da farantin karɓa. Maganinsu a ƙara ɗaure farantin tun jajibiri, a gwada lasifika, a kuma ajiye rediyo mai batir a gefe.

Tambaya: Wata uwargida daga Maraɗi ta ce, me ake dafawa, tunda ba kasuwa?

Amsa: Hajiya, kanti ɗaya ne a garin, kuma abin da jirgi ya kawo shi ke kan kanta. Fada ta zaɓi wani gashi na ƙwai da madara da cuku, da alayyafo da wani faffaɗan wake da ganyen ƙamshi, a matsayin abincin naɗin. A Landan sayen kayansa tafiyar minti biyar ce. A tsibiri, ɗanyen ganye ba ya jure kwana shida a teku bayan jiran sito, sai dai na firiza ko abin da lambun bayan gida ya bayar.

Abin dogaro uku ne: dankalin Turawa, naman tunkiya, da babban jatan landen teku wanda shi ne arzikin tsibirin. Dankalin daga gonakin da ke 'yan kilomitoci yamma da gari yake, ƙananan fegi da aka kewaye da katangar duwatsu saboda iska. Ana haƙarsa a farkon shekara, don haka a Mayu yana rumbu. Lissafin mai girki na mutum 240 ba wuya: giram 300 na dankali kowane kai ya ba da kilo 72, nama da ƙashi giram 250 ya ba da kilo 60, wato tumaki uku zuwa huɗu. Sai dai ba a yanka da ka. An ƙayyade yawan dabbobin da kowane gida zai ajiye saboda makiyaya kaɗan ce, don haka tun da wuri ake sanin gidan da zai bayar. Gashin kuma rarraba shi ake yi gida-gida, kowace mace da tirenta, domin babu murhu ɗaya da zai ɗauki abincin gari. Inda aka fi tuntuɓe shi ne rashin rubuta wa zai kawo me, sai a tashi da kek ashirin da nama tire biyu.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Kumasi ya ce, shin ana sake naɗa sarkin ne a kowane tsibiri?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Naɗi ɗaya ne. Charles ya zama sarki tun ranar 8 ga Satumba 2022 da mahaifiyarsa ta rasu, aka yi shelarsa a Landan ranar 10 ga wata, sannan wakilan sarauta suka karanta shelar a yankunan Birtaniya na ƙetare. Sa kambi da Akbishop Justin Welby, babban limamin cocin Ingila na lokacin, ya yi bayan wata takwas ya yi kama da bikin miƙa sandar girma a ƙasar Hausa: sarki ya riga ya hau, taron tabbatarwa ne. A Tristan kantoma ke wakiltar gwamna, tare da majalisar tsibiri da zaɓaɓɓen shugaban 'yan tsibiri. Nasu bikin addu'a ce a coci, da tuta, da walima.

Akwai kuma kan sarki, wanda a nan sunan ya dace da abin. Tsibirin na fitar da nasa tun 1952, masu tara shi a duniya suna saye, kuɗin na shiga baitulmali. Wanda ke ɗauke da hoton sarki sai fada ta amince da zanen, a buga a ƙasar waje, shi ma ya bi layin jirgi.

Tambaya: Wani daga Yamai ya ce, akwai inda ya fi Tristan wahala?

Amsa: Ta fuskar lokaci, akwai. Pitcairn, wani tsibirin Birtaniya da ke tekun Pasifik, mutanenta ba su kai 50 ba, kuma agogonsu na bayan GMT da awa takwas. Ƙarfe 11 na safe a Landan, wato 10 a agogon GMT, ƙarfe 2 na dare ne a garinsu Adamstown. Ga shi kuma ranar ta faɗo Asabar, wadda ita ce ranar ibada da hutu a tsibirin tun da kakanninsu suka shiga cocin Adventist a ƙarshen ƙarni na 19. A irin wannan hali sai dai a naɗi shirin a kalla da rana, walima kuma a matsar da ita Lahadi, wadda dama ita fada ta ware, 7 ga Mayu, don cin abincin unguwa.