Kocin Montreal da Faransanci: amsa ga ƙanenmu na Toronto

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce watanka huɗu da zuwa Toronto karatu, kuma abokan ajinka na ta yi wa mutanen Montreal dariya, wai ƙungiyarsu ta hokin ƙanƙara ba ta ɗaukar koci sai wanda ya iya Faransanci. Kai kuma ka ce ba ka ga abin da ya haɗa harshe da cin wasa ba, shin wannan ba wauta ba ce?

Ni ɗan Maraɗi ne, na sauka Montreal a 2006, na yi shekara 11 ina tuƙa taksi kafin bayana ya ce ya gaji. Wannan tambayar taka ni ma na taɓa yin ta, sai dai ni ba a rubuce na yi ba, da bakina na faɗe ta a gaban wata tsohuwa da na ɗauko, kuma har yau ina tuna kallon da ta yi mini ta madubi.

A watan Disamba na 2011 ne. Ranar 17 ga wata babban manajan ƙungiyar ta Montreal, wato Canadiens, Pierre Gauthier, ya sallami koci Jacques Martin, ya ɗora mataimakinsa Randy Cunneyworth a matsayin riƙon ƙwarya. Shi Cunneyworth ɗan yankin Toronto ne, tsohon ɗan wasa, ya taɓa zama kyaftin na Ottawa, kuma kafin nan ya horar da ƙaramar ƙungiyar Canadiens da ke Hamilton. Ba wanda ya ce bai san wasa ba. Aibinsa ɗaya, ba ya jin Faransanci. Kafin gari ya waye garin ya ɗauka. Duk tashar rediyon da na murɗa a mota zancen ke nan, masu kira suna ta zuba kamar an yi musu sata. Ministar al'adu ta lardin Kebek, inda Montreal take, a lokacin, Christine St-Pierre, ta sa baki. Wata ƙungiyar kare harshe mai suna Impératif français ta ce a ƙaurace wa kayan kamfanin giyar Molson, don iyalin Molson ne masu ƙungiyar. Kwana biyu kacal Geoff Molson ya fitar da sanarwa yana lallashi, yana cewa iya harsunan biyu zai zama babban abin dubawa idan an zo zaɓen koci na dindindin. A watan Janairu na 2012 mutane ɗaruruwa suka yi zanga-zanga a ƙofar filin wasa na Centre Bell, cikin wannan sanyin da kai ma ka fara ɗanɗana, shi kuma Gauthier ya fito ya ba da haƙuri ga waɗanda abin ya ɓata wa rai.

To a cikin makon da aka ɗora Cunneyworth na ɗauko tsohuwar nan daga asibiti zuwa gabashin gari. Rediyo na kunne, sai na ce mata, da Faransancina na Nijar, ni dai a ganina in mutum zai ci mana kofi, ko da yaren kurame yake magana mene ne? Ta yi shiru har muka wuce fitila biyu. Sannan ta ce mahaifinta ya yi shekara talatin da wani abu a masana'anta a nan garin, bai taɓa samun shugaban da ya ba shi umarni da harshensa ba, a garin da aka haife shi, aka haifi kakansa. Ta ce ranar Asabar da dare, in ya kunna rediyo ana wasan Canadiens, nan ne kawai yake jin nasu ne a sama. Ta biya ni kuɗina ta sauka. Ban ƙara faɗin wannan maganar a mota ba.

Abokan ajinka suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba. A cikin ɗakin canza kaya da kan benci, Ingilishi ake yi. Ko kocin ɗan Kebek ne tsantsa, in ya juyo ga 'yan wasansa Ingilishi zai yi musu, don a cikinsu akwai ɗan Amurka, ɗan Ontario, ɗan Finlan, ɗan Rasha, ɗan Sulobakiya. 'Yan Kebek ɗin da ke ƙungiyar yanzu ba su da yawa; a watan Mayu na 2021 har an buga wasa ba ko ɗaya a cikin jerin waɗanda suka sa riga, abin da jaridu suka yi ta kuka a kai. Saboda haka in maganar dabara ce, wa zai tsaya ina, wa za a canza da wa, Faransanci ba ya ƙara komai. Ga kuma shaida a tarihi: Al MacNeil, ɗan Nova Scotia, bai iya Faransanci ba, ya karɓi ƙungiyar a tsakiyar kaka, ya ci kofin Stanley, babban kofin gasar, a 1971. Amma ka ji ƙarshen labarin. Ana tsakiyar wasannin ƙarshe ɗan wasansa Henri Richard ya fito fili ya caccake shi don ya ajiye shi a benci, abin ya koma rigimar mai Ingilishi da mai Faransanci, har sai da 'yan sanda suka riƙa gadin MacNeil. Ya ci kofin, bai sake wata kakar a kujerar ba. Scotty Bowman ya gaje shi, haifaffen Verdun a nan Montreal, mai jin harsunan biyu, ya ci kofi 5.

Inda mutanen Toronto ba su gane ba shi ne aikin kocin Canadiens kashi biyu ne. Kashi ɗaya a kan ƙanƙara, kashi ɗaya a gaban makirfo. Wasa sama da 80 ake bugawa a kaka, ban da na fitar da gwani, kuma kusan kullum, bayan atisaye da bayan wasa, kocin zai tsaya gaban 'yan jarida. Me ya sa ka ajiye wane? Me ya sa aka sha kashi uku a jere? Tashoshi irin su RDS da TVA Sports suna ɗauka kai tsaye zuwa gidajen mutane a Saguenay, a Rimouski, a Abitibi, wuraren da za ka yini ba ka ji kalmar Ingilishi ba. Mutanen Kebek sun kai miliyan 9, kuma kusan kashi uku cikin huɗu Faransanci suka sha a nono. Tun da ƙungiyar Nordiques ta bar birnin Kebek ta koma Colorado a 1995, Canadiens ce kaɗai ta rage musu a NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka. Sauran ƙungiyoyi 31 kusan duk da Ingilishi suke magana da magoya bayansu. Ɗaya tak suke da ita, sai kuma a ce ita ma su saurare ta ta bakin tafinta?

Kuma ƙungiyar tun asalinta don su aka yi ta. A 1909 aka kafa ta, attajirin da ya sa kuɗin, Ambrose O'Brien, ba ma mai Faransanci ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ga akwai jama'ar da ba su da ƙungiyar kansu. Sunan ma, Canadien, a wancan zamanin masu Faransanci ake nufi da shi. In kana son ka san zurfin abin, tambayi kowane dattijo a nan labarin 17 ga Maris 1955. Maurice Richard, yayan Henri ɗin da na ambata, shi ne gwarzonsu, mutumin da ya fara zura ƙwallo 50 a wasa 50. Ya yi faɗa a wani wasa a Boston har ya bugi alƙali, shugaban gasar Clarence Campbell ya dakatar da shi har ƙarshen kaka, haɗe da wasannin neman kofi. Mutanen gari suka ɗauke shi a matsayin babba mai Ingilishi ya taka ɗansu. Campbell ya zo kallon wasa a tsohon filin Forum, aka jefe shi, aka tashi wasan, tarzoma ta fantsama titin Sainte-Catherine, aka farfasa shaguna. Sai da Richard ya shiga rediyo washegari ya roƙi jama'a. Da ya rasu a shekarar 2000, sama da mutum 100,000 suka bi layi don yi wa gawarsa ban kwana. Ɗan wasa fa, ba shugaban ƙasa ba.

Na san abin da za ka ce, don mu masu kallon ƙwallon Ingila ne. Za ka ce ai Marcelo Bielsa ya yi shekaru a Leeds da tafinta a gefensa, ya maido su gasar Firimiya a 2020 bayan shekara 16, kuma har yau suna ƙaunarsa. Pochettino ma da tafinta ya riƙa hira a Southampton. Haka ne. Amma ɗan Leeds ba ya kwana da tsoron jikansa zai tashi bai iya Ingilishi ba. Duniya ce ke koyon harshensa. Ɗan Kebek kuwa tsibiri yake zaune, kewaye da masu Ingilishi sama da miliyan 300, ya ga yadda Faransanci ya shuɗe a Louisiana da garuruwan masaƙa na arewa maso gabashin Amurka inda danginsa suka yi ƙaura. Shi ya sa suka yi dokar harshe ta 1977, wadda kowa ke kira Doka ta 101, wadda ta sa 'ya'yan baƙi irin nawa makarantar Faransanci suke zuwa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Wani abin dariya a nan, mu da muka fito daga Nijar: harshen da muke gani na mai mulki, na takardar gwamnati, na malamin da ke hukunta yaro don ya yi Hausa a aji, shi ne a nan harshen talaka da aka danne. Na ɗauki lokaci kafin kaina ya karɓi wannan. Amma da na tuna yadda tsohuwarmu ke zama gaban likita yana ta bayani da harshen da ba ta ji, tana gyaɗa kai don kunya, sai na gane tsohuwar taksina. Ciwon ɗaya ne, harshen ne kawai ya canza wuri.

Yanzu farashin abin, don yana da farashi. In ka ce sai mai harshe biyu, ka rage yawan waɗanda za ka zaɓa daga ciki. Shi ya sa ake musu gorin suna juya tsofaffin fuskoki: Michel Therrien ya yi koci daga 2000 zuwa 2003, aka dawo da shi a 2012, Claude Julien ya gaje shi a 2003, ya sake gadonsa a 2017. Kuma kofi na 24, na ƙarshe, tun 1993 ne, zamanin Jacques Demers. Masu dariya nan suke kafa hujja. Ni kuma ina ce musu a duba da kyau. Julien ɗin nan ya ci kofi da Boston a 2011. Jacques Lemaire ya ci da New Jersey a 1995, Bob Hartley da Colorado a 2001, Pat Burns da New Jersey a 2003, dukkansu masu jin Faransanci. Dominique Ducharme ya kai Canadiens wasan ƙarshe a 2021. Rijiyar ba ta ƙafe ba. Sannan, ƙanena, in abokan ajinka sun matsa maka, tambaye su yaushe rabon Toronto da kofi. Tun 1967, kuma ba wanda ya taɓa hana su ɗaukar kocin da suka ga dama.

Ka lura kuma ba ga kowa suke sa wannan sharaɗin da ƙarfi ɗaya ba. Saku Koivu ɗan Finlan ya yi shekara 10 yana kyaftin. A 2007 wani lauya ya soke shi a bainar jama'a kan rashin Faransanci, amma filin wasa bai juya masa baya ba. Nick Suzuki, kyaftin tun 2022, ɗan Ontario ne, ya ɗan jefa gaisuwa da Faransanci mutane su tafa. Ɗan wasa ana yafe masa, sandarsa ce bakinsa. Koci da babban manaja su ne masu ba da bahasi, su ake tsarewa. Ƙungiyar ma ta samo dabara: a ƙarshen 2021 ta ɗauko Ba'amurke Jeff Gorton ta sa shi a saman harkar wasa, sannan ta kawo Kent Hughes ɗan Montreal a matsayin babban manaja, shi kuma ya ɗauko Martin St-Louis ɗan Laval a Fabrairun 2022, mutumin da ya ci kofi yana ɗan wasa a Tampa a 2004 amma ƙungiyar yara kawai ya taɓa jagoranta. A Toronto da an ce hauka ne. Ya kai su wasannin neman kofi a 2025.

Saboda haka amsata, a Montreal, e, ya kamata ya iya, ko da gurguwar iyawa ce, in dai ana ganin yana ƙoƙari. Mutanen nan suna yafe karyayyen Faransanci fiye da yadda kake zato, ni shaida ne, shekara nawa suna jure wa nawa. Shi kuwa Cunneyworth ban taɓa ganin laifinsa ba. An ba shi aiki ya karɓa, ya ce zai koya, ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen teburin gabas, aka sallami Gauthier a watan Maris, shi ma bai wuce kakar ba. Wanda ya tura shi cikin wutar ya fi shi sanin garin.

In ka samu hutun Disamba, hau jirgin ƙasa ka zo, awa biyar ne da 'yan mintuna. Tikitin Centre Bell ya fi ƙarfin aljihuna, amma ɗana na biyu yana tsaron raga a ƙungiyar unguwarmu, suna wasa Asabar da safe. Kocinsu da Faransanci yake musu tsawa, yaran su amsa masa da harshe uku. Ka zo da safa biyu, benayen kallon nan sun fi waje sanyi.