Gam mai wari: wanne za a saya, a ina za a ajiye?

Tambaya: Ina ɗinkin takalma a wani ƙaramin shago a Kano, da yara biyu masu koyon aiki. A ƙaramin gwangwani nake sayen gam, amma an ce in riƙa sayen babba don ya fi araha, idan ya yi kauri in tsinka shi da fetur. Yaya kake gani?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Babban gwangwani ya fi araha, wannan gaskiya ne, amma ka san abin da za ka ajiye a shagonka. Gam ɗin takalma roba ce da aka narkar cikin sinadarai masu saurin tashi, irin su toluwin, hekzen da asiton. Warin da ke bugun hancinka da zarar ka ɗaga murfi, su ne ke fita, kuma tururin nan shi ke kama wuta. Toluwin yakan fitar da tururin da zai iya kamawa tun zafi yana wajen digiri 4 a ma'aunin Salsiyos, hekzen da asiton kuwa ko a ƙasa da sifili. To ina ga shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40?

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tururin ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya kwanta ƙarƙashin benci, ya gangara bakin ƙofa, har ya tarar da risho ko janareta ko guntun taba, sai wuta ta biyo shi ta dawo kan gwangwani. Saboda haka idan kana gasa tafin takalmi don gam ya kama, ka bari ya sha iska tukuna, ka rufe gwangwani, sannan ka yi gashin a waje, nesa da inda ake shafawa.

Shawarata ita ce ka sayi abin da za ka ƙarar cikin ɗan lokaci. Idan aiki ya yi yawa har ka sayi babba, ka ajiye shi a inuwa a rufe ruf, ka riƙa ɗiba a ƙaramin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Wanda ake awo a robar lemo ba tare da wani rubutu ba, ka bar shi, don ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Na kamfani za ka ga hoton harshen wuta a jikinsa da bayanin abin da ke ciki.

Maganar fetur kuwa, don Allah kada ka fara. Ban da ƙara haɗarin gobara, fetur na ɗauke da benzin, sinadarin da likita Muzaffer Aksoy ya gano yana jawo sankarar jini ga masu yin takalma a Istanbul a shekarun 1970. Hekzen ma da nasa: a Italiya da Japan an samu masu takalma da yawa da jijiyoyinsu suka lalace, abin ya fara da sagewar yatsun hannu da ƙafa. Ka nemi sinadarin tsinkawa da aka yi domin wannan gam ɗin. Yaranka kuma kada su kwana a shagon, kada su riƙa shafa gam da yatsa, ka kuma sa musu ido, domin daga sabo da warin nan wasu ke faɗawa shaƙar sholisho.

Tambaya: Za a shimfiɗa mini leda a ɗaki, kafinta kuma zai gyara kujeru. Ya ce in sayo gam mai wari. Ina da ƙananan yara, kicin kuma yana kusa. Ko akwai wani?

Amsa: Hajiya, ki tambaye shi me zai manna. Idan katako ne da katako, farin gam na ruwa ya isa, ba ya kama wuta, sai dai yana buƙatar a matse a jira ya bushe. Roba, fata da fomaika su ne suka fi buƙatar mai warin. Idan ya zama dole, a fitar da kujerun tsakar gida a yi a can. Na leda kuwa, ki kashe gas da risho, kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro, a buɗe taga da ƙofa tun kafin a fara, kuma kada a taɓa makunnin lantarki ana cikin aiki. Yara su koma wani ɗaki har sai warin ya tafi gaba ɗaya. Ragowar gam ɗin ki ba shi ya tafi da shi. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya asibiti tare da gwangwanin. Idan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 15, sannan a je asibiti.

Tambaya: Takunkumin hanci na kyamis zai kare ni? Wane abin kashe gobara zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan takunkumin ƙura yake tarewa, tururin gam wucewa yake yi. Wanda ke aiki shi ne mai matatar gawayi da ake sauyawa, kuma ko da shi sai iska na ratsa wurin. Abin kashe gobara kuwa, ka sayi na hoda, ka rataye shi kusa da ƙofa, da bokitin yashi a gefe. Kada ka watsa ruwa, domin sinadarin yakan taso saman ruwan ya bazu da wutarsa. Idan wutar ta fi ƙarfin abin kashe gobara ɗaya, ku fita kawai ku kira 'yan kwana-kwana.