Wane taki zan zuba wa ciyawar fadama, yuriya ko kamfa?

Tambaya: Malam ina da fili a fadamar Rima wajen Wurno, na bar shi ga burgu ina yankewa ina busarwa don shanu da rani. Bara na watsa yuriya buhu biyu, washegari aka saki ruwa ya malale wurin, ban ga wani bambanci ba. Takin ne jabu ko in koma kamfa?

Amsa: Ɗan'uwa ba lallai jabu ba ne, ni dai ruwan nan nake zargi. Yuriya narkewa take kamar gishiri, kuma sai ta yi kwana biyu zuwa uku ko fiye cikin ƙasa kafin ta juye ta zama abin da laka ke riƙewa, to kai tun ba ta kai nan ba ruwa ya kwashe ta, wataƙila maƙwabcinka na gangare shi ya ci moriyar kuɗinka.

Ciyawa naitirojin take so, shi ke sa ganye. Buhun yuriya mai kilo 50 akwai kilo 23 na naitirojin ciki, kamfa 15-15-15 kilo 7 da rabi kacal, ka ga sai ka sayi buhu uku kafin ka kamo yuriya ɗaya, ga tsada. Kamfa a zuba ta sau ɗaya farkon shekara don sauran sinadaran, shi ke nan.

Takin amoniyam salfet kuwa naitirojin kilo 10 da rabi ne a buhunsa, amma ga fadama ina girmama shi, don da ya taɓa laka yake mannewa, ga sinadarin salfa da yake ƙarawa. In ruwan ba a hannunka yake ba, sai yadda aka sako daga dam ɗin Goronyo, amoniyam salfet ɗin ya fi kwanciyar hankali in ka same shi, sai dai yawan zuba shi shekara da shekaru yana sa ƙasa tsami. Takin CAN (kalsiyam amoniyam naitiret) kam bar shi ga masu tudu, rabin naitirojin ɗinsa naitiret ne, ƙasa na jiƙewa sharkaf wani ya zurare ƙasa wani ya tashi iska.

In yuriya za ka ci gaba da ita, kuma ita ce mai sauƙi, jira ruwa ya janye har ka taka ƙafarka ba ta nutse ba, ka watsa da marece sannan ka bi da ruwa kaɗan wanda zai nutsar da ita ba wanda zai gudana ba. Kar ka bar ta a sarari cikin zafin Sakkwato, tashi take. Buhu biyun nan raba su, ɗaya yanzu ɗaya bayan yankan farko.

Kuma don Allah a tsare dabbobi, saniya in ta lashi yuriya da yawa tana iya mutuwa nan take, ka ba ciyawar kamar sati huɗu kafin ka sa lauje.