Tambayi Injiniya: In za a faɗaɗa filin jirgin Sakkwato, ta ina ya kamata a fara?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon saƙonni uku na zaɓo, duk a kan filin jirgin sama na Sultan Abubakar III suke, wanda aka sa ma sunan Sarkin Musulmi Abubakar na uku da ya yi shekara 50 a kan gado daga 1938 zuwa 1988, Allah ya jiƙansa.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi a Arkilla:

"Injiniya barka da aiki. Ni dai duk sanda na ga hoton sabon ginin filin jirgin Abuja sai in ce mi ya hana a yi muna irinai a nan? In da kai aka ba aikin faɗaɗa namu, wane irin gini za ka zana?"

Ƙanena barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya in ni ne ba da gini zan fara ba, da ƙirga zan fara. Mai zana filin jirgi bai cika damuwa da mutum nawa ke wucewa a shekara ba, abin da yake nema shi ne awa ɗaya da ta fi kowace cunkoso, mutum nawa ne a ciki, don wannan awar ce za ta gaya masa yawan kujeru da bayi da teburan awon kaya da faɗin ƙofa. To mu a nan awarmu ta cunkoso kowa ya san ta, lokacin jigilar alhazai ce. Sauran watanni jirgin Abuja ne mai ɗaukar mutum ɗari da wani abu ya sauka ya tashi shi ke nan, amma da hajji ta zo sai ka ga babban jirgi irin Boeing 747 mai cin sama da mutum 400, kowa da jakarsa, kuma an yi shekaru da dama har alhazan Zamfara ta nan suke tashi.

Ka ga matsalar kenan. In ka gina ƙaton gini na gilashi daidai da hajji, wata goma yana nan fayau ana ƙona dizal ana sanyaya iska ba kowa, in kuma ka gina daidai da jirgin Abuja to ranar hajji tsofaffi a rana za su tsaya. Shi ya sa ni abin da nake gani shi ne gini biyu. Ɗaya madaidaici na kullum mai esi, doguwar fuska guda, mota ta sauke ka ta gaba ka ratsa ka fita ta baya ga jirginka nan, wannan fasalin shi ya fi sauƙi kuma in mutane sun ƙaru sai a ƙara masa tsawo ta gefe ba sai an rushe komai ba. Akwai masu yin doguwar baranda ta miƙe cikin fili jirage su jeru hagu da dama, akwai masu gina wani zaure can tsakiya a riƙa kai mutane da bas ko ƙaramin jirgin ƙasa, amma waɗannan na garuruwan da jirgi ke sauka duk bayan 'yan mintuna ne. Na biyun kuma zauren alhazai daban, babbar rumfa mai tsawon rufi da iska ke ratsawa, wurin alwala da yawa, masallaci, bayin mata ya fi na maza yawa, da ɗakin likita. Duk wanda ya sauka Jidda ya ga rumfunan nan masu kama da tantuna da aka buɗe a 1981, ai dabarar kenan, inuwa da iska kafin na'ura.

Kuma kar ka manta gini ba shi ne filin jirgi ba. Fukafukan 747 sun kai mita 64 daga wannan baki zuwa wancan, na ƙaramin jirgi irin Boeing 737 bai wuce 36 ba, saboda haka dandalin da jirage ke fakin shi ne yakan fara cikewa tun kafin zaure ya cika. Ga zafi. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato na haura digiri 40, iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi mai nauyi sai ya yi gudu mai tsawo kafin ya ɗaga, ko kuma a rage masa kaya. Jigilar 2025 a watan Mayu aka fara ta, kuma hajji tana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, wato shekarun nan masu zuwa cikin tsakiyar bazara za a riƙa kwasar alhazai, bayan nan kuma ta faɗa lokacin hunturu da hazo inda matuƙi ba ya hango titin saukar jirgi sai da na'urar ILS mai yi wa jirgi jagora wajen sauka da fitilu masu kyau. Ginin da za a yi amfani da shi shekara 30 duk sai ya ga waɗannan yanayin, don haka kuɗin titi da fitilu da shinge da motocin kashe gobara su ne a gaba, tayil da gilashi su biyo baya.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya a Runjin Sambo:

"Malam ina wuni. Bara mun raka mahaifiyata za ta Makka, mu kaɗai mota uku muka yi, haka kowa ya zo da nashi dangi, hanya ta cika maƙil. Shin masu tsara filin jirgi suna lissafi da mu 'yan rakiya kuwa? Kuma ba za a iya sa muna jirgin ƙasa daga cikin gari ba kamar na Abuja?"

Hajiya lafiya lau, Allah ya karɓi ibadar Inna. Wallahi tambayarki ta fi min daɗi don nan ne littattafan da aka rubuta a Turai ba su san mu ba, su a lissafinsu fasinja ɗaya da mutum ɗaya ko ma shi kaɗai yake zuwa, mu kuwa alhaji ɗaya sai gida guda ya taso, kuma ni ban ga laifin haka ba, zumunci ne, mai zane ne ya kamata ya san da shi. Ki ƙaddara alhaji 400 kowa da mutum biyar, mutum 2,000 kenan a bakin ƙofa ban da masu abinci da masu ruwa da 'yan kabu-kabu.

Mafita a ganina ita ce a raba wurin bankwana da wurin tashi. A yi bankwana a sansanin alhazai inda akwai fili da inuwa da wurin fakin, a auna kaya a can, a duba fasfo da katin allura a can tare da jami'an hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON da na hukumar alhazai ta jiha, sannan manyan bas su ɗebi alhazai kaɗai su kai su bakin zaure. Ranar dawowa ma haka, a tarbe su a sansani. A cikin filin kuma hanya ta zama shiga ta nan fita ta can ba a haɗuwa, layin sauke fasinja daban, tasi da Keke Napep su sami tashar kansu mai rumfa, tankar man jirgi da motocin kaya su bi wata ƙofar, sannan a bar hanya guda da ba a taɓa tarewa saboda motar asibiti.

Batun jirgin ƙasa kuwa Hajiya ki yi haƙuri, ban goyi baya ba a yanzu. Dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, tsohon layin a Ƙauran Namoda ya tsaya. Na Abuja da kika ambata an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 ya dawo aiki, alhali can jirage ke sauka safe da yamma. Mu abin da zai amfane mu yau shi ne bas mai lokaci, ta tashi daga babbar tasha ta bi ta cikin gari ta miƙi hanyar Bodinga daidai da lokacin jirgi, ma'aikatan filin ma su huta da kuɗin mota. Sai dai a bar zirin fili a gefen hanya kar a yarda a gina komai a kai, in jikokinmu sun ga dogo ya dace su tarar da wuri.

Tambaya ta uku daga wani dattijo manomi a yankin Bodinga, ɗansa ya rubuto masa:

"Gonarmu ta gado tana kusa da shingen filin jirgi. In an tashi faɗaɗawa mi za ya faru da mu?"

Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. A dokar mallakar ƙasa ta 1978 gwamna ne ke riƙe da ƙasar jiha amana, kuma yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma dokar ta ce a biya diyyar amfanin gona da gini da abin da mutum ya kashe wajen inganta wurin. Shawarata tun yanzu ku tattara duk wata takarda da kuke da ita, shaidar hakimi ko mai unguwa, ku ƙirga itatuwa da rijiya ku ɗauki hoto da waya, kuma in an zo awo ku tsaya a wurin da kanku, kar ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku da Hausa ba. In kun haɗu da maƙwabtan gona kun yi magana da murya ɗaya ya fi kowa ya je shi kaɗai.

Abu ɗaya zan roƙe ku Baba, ku da masu sayen fuloti a wajen, kar a yi gini mai tsawo ko a kafa eriya daidai saitin da jirgi ke sauka, kuma kar a bari a mai da kusa da shingen juji ko mahauta, don ungulu da shirwa nan suke taruwa, tsuntsu ɗaya in ya faɗa injin jirgi yana iya jawo babbar asara. Wanda ke da shirin gini a yankin ya fara zuwa ofishin hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa FAAN da ke filin da ma'aikatar filaye ta jiha ya tambayi iyakar da aka shata kafin ya sauke bulo.