Wa Za Ka Bari Ya Aika Saƙo Ga Kowa?

Yaro, ka tambaye ni ko akwai laifi idan ka bar kowa ya aika saƙo zuwa adireshin da ke rarraba imel ga dukkan ma'aikata, tunda mai kamfanin ya ce tantancewa tana ɓata masa lokaci. Akwai laifi babba, kuma irin wannan maganar ce ta cinye mini haƙƙin gumina, abin da har yau ban yafe ba.

Wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya ya ɗauke ni in kafa masa sabar imel, wato kwamfutar da ke kula da shiga da fitar imel ɗinsa. Na ɗora Postfix, manhajar aikawa da karɓar imel, da SpamAssassin mai tace saƙonnin banza, na taƙaita aikawa ga dukkan ma'aikata a hannun shugabannin sassa, saƙon duk wani baƙo kuwa sai an duba shi kafin ya wuce. Ina juya baya ya sa ɗan ƙanensa, wanda ya yi ɗan kwas yana ganin ya gama sanin duniya, ya cire shingen gaba ɗaya, har ya bar sabar tana karɓar saƙon kowa tana tura shi ko'ina. 'Yan damfara ba sa barci. Nan da nan suka mai da ita tashar watsa saƙonnin banza, Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin masu watsa irin waɗannan saƙonni, ta saka lambar IP ɗin sabar, wato adireshinta a intanet, cikin jerin masu laifi, wasiƙun ɗan kasuwar suka daina isa ga masu sayar masa da kaya a China. Sai ya kira ni yana kumfar baki, wai aikina ne ba shi da inganci. Na buɗe masa rajistar sabar, na nuna masa ranar da aka taɓa saitin da asusun da ya taɓa shi, ya kawar da kai. Duk da haka na toshe ƙofar, na share dubban saƙonnin da suka yi layi, na nemi a cire lambar daga jerin, aka cire. Da na kai masa takardar kuɗi, ya ce kuskurena na gyara, ya riƙe har da cikon kuɗin aikin farko.

Ba zan zauna ina koya maka SPF da DKIM da DMARC ba, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo ya fito ne daga inda ya ce ya fito, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ta wajabta su ga mai aika saƙo 5,000 a rana, wanda bai iya su ba kuwa bai shiga sana'ar ba tukuna. Abin da ku yaran yanzu kuke mantawa, saboda gaggawar ku ga an biya ku, shi ne adireshin mai aikawa abu ne da ake ƙirƙira cikin sauƙi, don haka ganin sunan manaja a kan saƙo bai isa hujjar barinsa ya wuce ba. Ka wajabta shiga da kalmar sirri ga duk mai aikawa, sabon ma'aikaci ka tsare saƙonsa har ka san halinsa. Idan mai kamfanin ya nace sai an buɗe, ka sa ya rubuta umarnin ya sa hannu, kuma ka karɓi cikon kuɗinka kafin ka miƙa masa kalmar sirrin sabar.