Tambaya da Amsa: Shin Tagogi da Lambu Almubazzaranci Ne a Sashen Masu Ciwon Daji?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina cikin kwamitin da zai ba da shawara kan ginin sabon sashen masu ciwon daji a asibitinmu. Wasu abokan aikina sun dage cewa manyan tagogi da lambu almubazzaranci ne, gara a zuba kuɗin a na'urori da magani. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Malama, Allah ya yi miki jagora. Abokan aikinki suna da gaskiya ta wata fuska, domin babu lambun da zai yi aikin na'urar gashi, wato wadda ke kashe ƙwayoyin ciwon daji da haske mai ƙarfi. Sai dai mai ciwon daji ba baƙon kwana ɗaya ba ne a asibiti. Wanda ake yi wa gashi yakan zo kwana biyar a mako har makonni da dama, wanda ake sa wa magani ta jijiya kuwa yakan shafe sa'o'i a kujera guda, saboda haka duk inda ginin ya gaza, a jikinsa abin zai ƙare.

A shekarar 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya kwatanta majinyata 46 da aka yi wa tiyatar madaciya, ya gano cewa waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo samun sallama, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamarsu ba. Binciken ƙarami ne, ba kuma a kan masu ciwon daji aka yi shi ba, amma ya isa ya sa kwamiti ya sake tunani. A Birtaniya ma, zaman jira a lungun asibiti marar taga ne ya sa wata mai ciwon daji, Maggie Keswick Jencks, ta tsara cibiyar tallafa wa masu cutar da aka buɗe a birnin Edinbara a 1996, shekara guda bayan rasuwarta, inda mai shigowa ke tarar da teburin cin abinci a tsakiya kamar a gida.

A ganina, ɗakin ƙarin ruwa, inda ake sa maganin daji ta jijiya, ya fi komai cancantar kulawarku. Maganin yana tayar da zuciya, yana kuma sa wari kaɗan ya zama azaba, har wani majinyacin yakan fara jin amai da zarar ya shaƙi warin wurin, tun kafin a taɓa shi da allura. Don haka a nesanta ɗakin da kicin, a ba shi iska mai gudana, a kuma sa banɗaki kusa, mai faɗin da mutum zai shiga yana tura sandar ƙarin ruwansa. Kowace kujera ta sami labule da wurin zaman mai jinya, amma kada labulen ya tare wa nas gani, domin wani maganin yakan bugi mutum cikin 'yan mintoci.

Ɗakin gashi kuwa ba ya karɓar taga, tunda bangonsa kankare ne da kaurinsa kan kai mita biyu, kuma dole majinyaci ya kwanta shi kaɗai, ana kallonsa ta kyamara ana yi masa magana ta lasifika. Abin da za ku iya shi ne sassauta hasken ɗakin, ku ƙawata silin da zai zuba wa ido, sannan ku ba wurin jira tagar da ɗakin ya rasa. Ku nemi a sa waɗannan tun zanen yana kan takarda, kafin a zuba kankare.